Girgizar murɗa a giyar farfela: darussa daga jiragen da ke tashi da injin rotari

Masu haɗa ƙananan jiragen sama a garejin gidajensu, musamman a Amurka, sun daɗe suna ciro injin rotari na Mazda 13B daga motar RX-7 suna ɗaura wa jirgi. Ƙarami ne, ba shi da bawul, ba shi da fistin mai hawa da sauka, kuma idan yana aiki jikin jirgi lumui yake. Wannan laushin ne yake yaudarar mutane. Abin da ke cin haƙoran giya a irin waɗannan jirage girgiza ce da ke tafiya a cikin sandar juyi, tana murɗa ta gaba da baya sau da dama a sakan ɗaya, matuƙi kuwa yana zaune bai ji komai a kujerarsa ba.

Giyar dole ce. Injin 13B sai ya kai juyi 6,000 zuwa 7,500 a minti yake ba da ƙarfinsa. Farfela mai faɗin inci 72 a juyi 2,700 bakinta yana gudun kusan mita 259 a sakan, wato wajen kashi uku cikin huɗu na gudun sauti. A juyi 6,000 da ta zarce sauti nesa, sai ƙara ba ja. Shi ya sa ake sa giyar rage gudu a tsakani. Da yawa an gina su ne kan giyar nan mai ƙananan giyoyi da ke zagaye ta tsakiya, irin ta giyabos ɗin motocin Ford, kuma a giyoyin da wani mai haɗa jirgin gida, Tracy Crook, ya ƙera a Florida an fi sanin ragi biyu, 2.17 da 2.85.

Darasin farko shi ne a daina kallon inji da giya da farfela a matsayin ƙarfe ɗaya. Nauyi biyu ne, inji a wannan gefe, farfela a wancan, sifirin a tsakaninsu. Sifirin ɗin shi ne duk abin da ke iya murɗuwa: sandar shiga, robar haɗi, haƙoran giya, sandar farfela, har da gidan giyar kansa. Irin wannan haɗi yana da saurin da yake son kaɗawa da shi, kamar lilo. Mai tura lilo ba ya bukatar ƙarfi, lokaci kawai yake dacewa, kowane turi ya hau kan na baya. Idan bugun inji ya dace da wannan sauri, abin da injiniyoyi ke kira rezonans, ƙarfin murɗa da ke ratsa giyar yana iya ninka na injin sau da yawa, kuma gaba da baya yake yi. Injin da ke ba da ƙarfin doki 180 a juyi 6,000 murɗarsa wajen nutan-mita 213 ce kawai, wato a ma'aunin ƙarfin murɗa. Giyar da aka gina ta ɗauki ninki biyu na wannan tana iya karyewa a silo, inda injin bai ba da ko kashi goma na ƙarfinsa ba.

Sai a ƙirga bugun. Rota, wato ƙarfen nan mai kusurwa uku da ke juyawa a cikin injin a madadin fistin, tana juyi ɗaya idan sandar inji ta yi uku, kuma fuska uku gare ta, saboda haka kowace rota bugu ɗaya take yi a juyin sanda. 13B rota biyu ne a tazarar digiri 180: bugu biyu a juyi, daidai da injin mota mai silinda huɗu. A juyi 1,200 bugu 40 ke nan a sakan, a 6,000 bugu 200, a 7,500 bugu 250. Injin 20B mai rota uku bugu uku yake yi, kuma bugunsa ya fi laushi.

Ana yawan cewa rotari mai rota biyu murɗarsa ba ta komawa baya kamar ta mai silinda huɗu. Da gaskiya a ciki idan an buɗe totur, amma ba ta kai ga inda ake son kai ta ba. Rezonans ba ya jiran murɗa ta koma baya, hawa da sauka a kan lokaci kawai yake so. A silo kuma matsakaicin ƙarfin kaɗan ne, ƙaramar kaɗawa ta isa ta raba haƙoran giya, su ƙetare ratar da ke tsakaninsu, su dawo su bugi juna kamar guduma. Ƙarar kwaram-kwaram da ake ji lokacin tayarwa da kashewa ita ce wannan.

Lissafin bai fi ƙarfin takarda da biro ba. Ga misali da lambobin da aka zaɓa don koyarwa, ba na wani jirgi ba. A ce nauyin juyi, wato wuyar da abu ke yi wajen fara juyawa ko tsayawa, na ɓangaren inji, da sanda da faifan sitata, 0.07 ne a ma'aunin kilogiram-mita murabba'i, na farfela kuma 0.5. Ba a haɗa su haka nan. Farfela a hankali take juyawa, saboda haka ana raba nata da ragin giya sau kansa: 2.85 sau 2.85 ya ba da 8.12, sai 0.5 ya koma 0.062. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, su ɗauka farfela ƙatuwa ce ba ta motsi, alhali daga wajen inji nauyinsu kusan ɗaya ne. A ninka biyun a raba da jimillarsu, a sami 0.033. Idan taurin haɗin nutan-mita 2,000 ne a radiyan ɗaya, wato murɗar wajen digiri 57, a raba 2,000 da 0.033, a ɗauki tushen murabba'i, a raba da 6.28. Amsa ita ce kaɗawa 39 a sakan. Bugu biyu a juyi yana kai wa nan a juyi 1,180, wato dab da gudun silo.

Daga nan hanya biyu ce. Ta farko a sassauta haɗin, a tura rezonans ƙasa da silo, injin ya ratsa shi da sauri wajen tashi da mutuwa, kada ya zauna a ciki. Sai bugu ya wuce saurin rezonans da ninki 1.4 sannan robar ke fara rage girgiza. Ƙasa da haka ƙara ta take yi. A misalin nan juyi 1,660 ke nan, kuma mai hankali zai ɗaga silo zuwa 1,800 ko 2,000. Ba rotari kaɗai ba: injin jirgi mai fistin Rotax 912, wanda kamfani ya gina da giyarsa da na'urar kwantar da murɗa, an hana shi silo ƙasa da 1,400, an kuma ƙayyade nauyin juyin farfelarsa kada ya wuce 0.6.

Ta biyu a taurara komai har rezonans ya haye saman iyakar gudun inji. Sama da 250 a sakan, a ce 300 don a bar tazara. Tunda saurin kaɗawa da tushen murabba'in tauri yake tafiya, daga 39 zuwa 300 sai tauri ya ninka kusan sau 60. Yana yiwuwa, amma da gajerun sanduna masu kauri, rata kaɗan ƙwarai a haƙora, da gidan giya mai nauyi. Aikin mai injin yankan ƙarfe ne da kayan awo.

Masifar tana tsakiya, kuma nan ne gyaran da ya fi kama da hankali yake kai mutum. Sanda ta karye, sai a yanko mai kauri. Taurin sanda da kaurinta sau kansa har sau huɗu yake tafiya: ƙarin kashi 20 cikin ɗari a kauri ya ninka tauri biyu. Ko roba ta yage, a sa mai tauri. A misalinmu, in tauri ya koma 8,000, rezonans ya tashi zuwa juyi 2,350, inda ake gangarowa sauka, inda ake gwada fulogi kafin tashi. Sauya ƙarfe zuwa mai tsada kuma ba ya motsa rezonans ko kaɗan, domin taurin murɗa na ƙarafan sanda kusan ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne lokacin da za su ɗauka kafin su tsage.

Akwai wani bugun da ake mantawa. Idan rota ɗaya ta daina cin wuta, ko fulogi ya jiƙe, ko bututun mai ɗaya ya toshe, bugu ɗaya ne a juyi, mai ƙarfi, kuma murɗar tana komawa baya sosai. Rezonans ɗin da aka ajiye a 1,180 sai ya bayyana a 2,350. Wanda yake a 2,350 ya koma 4,700, dab da gudun tafiya. Ko rotocin biyu suna aiki, bambancin matsi ko na mai a tsakaninsu yana haifar da ɗan wannan bugu. Shi ya sa gwada matsin fuskoki shida da daidaita man rotoci biyu aikin kare giya ne, ba na inji kaɗai ba.

Bel mai haƙora ba maganin girgiza ba ne, ko da yake da roba aka lulluɓe shi. Zaren da ke cikinsa ba ya miƙewa sosai, kuma a rezonans yakan yi fiffike, ya yi zafi, ya tsallake haƙori. Roba ita ma sifirin ce mai ɗan shanye ƙarfi, abin da ta shanye zafi yake zama. In aka bar ta a rezonans daga ciki take dahuwa. Da sanyin asuba ta fi tauri, saboda haka gaɓar haɗarin tana matsawa sama kaɗan. Wannan matsala ta girmi rotari a jirage. Ta wahalar da jirgin BD-5 na Jim Bede a shekarun 1970, mai doguwar sanda zuwa farfelar baya, mai zana jirage Molt Taylor kuma ya bi ta wata hanya a jiragensa, da haɗin Flexidyne mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a ciki, wanda ke zamewa a ƙaramin gudu ya kama a babba. Kulocin da ke kamawa gefe ɗaya kawai yana yanke komawa baya, amma ya ƙara abin da zai iya lalacewa.

Abu biyu ana iya aunawa a gareji. Tauri: a kulle gefe ɗaya, a ɗaura sanda mai ƙarfi ta mita ɗaya a ɗayan, a rataya kilo 10, wato nutan-mita 98. In bakin sandar ya sauka santimita 4.9 bayan an cire ratar haƙora, tauri 2,000 ne. A ƙara nauyi mataki-mataki, domin roba tana ƙara tauri in ana matsa ta. Nauyin juyin farfela: a rataye ta a kwance da zare biyu masu tsawo ɗaya, a murɗa ta kaɗan, a ɗauki lokacin kaɗawa 20 a raba. A ninka nauyinta da 9.81, da tazarar zaren sau kanta, da lokacin kaɗawa ɗaya sau kansa, a raba da 158 sau tsawon zare. Duk sanda aka sauya farfela a maimaita, domin ta katako da ta ƙarfe mai sauya kusurwa ba haɗi ɗaya suke bayarwa ba.

Na'urar daidaita farfela da ake liƙa wa jikin inji ba ta ganin wannan girgiza yadda ya kamata, jijjigar gefe take aunawa. Awo na gaskiya sai da ma'aunin miƙewa a manne a sanda, ko na'urar ƙirga haƙora a gefen inji da gefen farfela a kwatanta su. Wanda ba shi da su, sai ya karanta alamu. Garin ƙarfe a maganaɗisun murfin mai. Jan ƙura kamar tsatsa a haƙoran sanda, alamar suna gugar juna. Baƙin gari a kusa da roba. Notin da aka ɗaure da ma'auni ya kwance. Rata a bakin farfela: a auna ta da inji a kashe, a rubuta, a sake aunawa bayan 'yan sa'o'i, ƙaruwarta ta fi adadinta muhimmanci. Sandar da murɗa ta gajiyar kuwa tsagewarta a karkace take, wajen digiri 45, kuma daga ramin mai ko kusurwar da aka yanka da kaifi take farawa.

A Amurka, jirgin gida mai injin da ba shi da shaidar hukumar kula da jiragen sama ta FAA akan ba shi sa'o'i 40 na gwaji a keɓaɓɓen yanki kafin ya ɗauki fasinja. Sa'o'in sun isa su tona rezonans mai tsanani, ba lallai su tona mai ci a hankali ba, musamman in duk a gudu ɗaya aka yi su. A ƙasa, da jirgin a ɗaure, a bi totur daga silo zuwa ƙarshe a matakan juyi 200, a saurara, a taɓa zafin roba da gidan giya bayan kowane zango. Duk gaɓar da ta yi ƙara a shata ta da ja a agogon juyi, a kuma buɗe giyar a duba haƙora tun sa'o'in farko, tun ba a ji komai ba.