Drew Hayden Taylor: daga ɗauko rahoto zuwa dandalin wasan kwaikwayo

A cikin marubutan wasan kwaikwayo na 'yan asalin ƙasar Kanada, wato al'ummomin da Turawa suka tarar a can, babu wanda aikinsa ya fi jan hankalina kamar Drew Hayden Taylor, domin yana da basirar ɗauko labari mai ɗaci ya ba da shi cikin raha ba tare da ya rage masa nauyi ba. An haife shi a 1962 a Curve Lake, wani keɓaɓɓen yanki na ƙabilar Ojibwe kusa da garin Peterborough a lardin Ontario. Mahaifiyarsa 'yar Ojibwe ce, mahaifinsa kuwa Bature ne, saboda haka ya taso da shuɗin ido da hasken fata a tsakiyar dangin da bai yi kama da su ba, abin da ya daɗe yana yi wa kansa ba'a a kai cikin rubuce-rubucensa.

Ba da wasan kwaikwayo ya fara ba. Aikin rediyo da talabijin ya karanta a Kwalejin Seneca da ke Toronto, ya yi wa gidan rediyon CBC aikin ɗauko rahoto a kan al'amuran 'yan asali, sannan ya rubuta wa wasu shirye-shiryen talabijin labari. A ƙarshen shekarun 1980 ne ya haɗu da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta De-ba-jeh-mu-jig a tsibirin Manitoulin, inda aka nuna wasansa na farko a 1989, kuma daga 1994 zuwa 1997 shi ya jagoranci ƙungiyar wasan kwaikwayo ta 'yan asali mai suna Native Earth Performing Arts a Toronto. A ganina, tarbiyyar aikin jarida ba ta taɓa barinsa ba, domin wasanninsa mafiya ƙarfi daga abin da ya faru da mutanensa a zahiri ya tsamo su.

Wasan Someday na 1991 shaida ne. Tun daga shekarun 1950 har zuwa na 1980 hukumomin kula da yara a Kanada suka riƙa ƙwace dubban 'ya'yan 'yan asali daga hannun iyayensu suna miƙa su ga iyalan Turawa. A wasan, wata uwa ta shafe shekara 35 tana dakon 'yar da aka raba ta da ita tun tana jaririya, sai ga 'yar ta dawo a lokacin Kirsimeti, ta zama lauya a Toronto, da wani suna daban, ba ta san komai na gidan da aka haife ta ba. Ana dariya sosai kafin a kai ga haɗuwarsu, kuma wannan dariyar ce take sa mai kallo ya saki jiki da mutanen gidan, ta yadda in ɓacin ran ya zo ba shi da wurin ɓuya.

Wanda na fi so shi ne Cottagers and Indians, wanda aka fara nunawa a Toronto a 2018. Tushensa rikici ne na gaske a tafkin Pigeon, kusa da mahaifarsa, inda wani mutumin Curve Lake ya riƙa watsa irin shinkafar daji a ruwa don farfaɗo da abincin kakanninsa, masu gidajen hutu na bakin tafkin kuma suka tayar da ƙayar baya, suna kukan cewa shinkafar ta toshe musu hanyar jiragen ruwa, ta hana su iyo, ta kuma karya darajar gidajensu. A al'adance daga cikin kwalekwale ake girbinta, a tanƙwaro zangarniyar da sanda ɗaya a kaɗa ta da ɗaya, tsabar ta zuba a ciki, wadda ta faɗa ruwa kuma ta zama irin baɗi. Mutum biyu kacal Taylor ya tsayar a dandali, manomin shinkafar a kwalekwalensa da wata Baturiya a gaban gidanta, kowa yana kare hujjarsa. Ba a ɓoye yake ba cewa zuciyarsa na tare da manomin, amma bai mai da matar abin dariya kawai ba. Ya bar ta ta faɗi abin da gidan yake nufi gare ta da iyalinta, yadda ɗan jarida na ƙwarai yake jin ta bakin kowane ɓangare.

Za a iya cewa barkwanci yana sa masu kallo Turawa su fita daga zauren da sanyin zuciya fiye da yadda ya kamata, kuma zargin ba na banza ba ne. Sai dai ban ga ya guje wa tambayar ba, tun da a 2020 shi da kansa ya koma tafkin da kyamara, ya gabatar wa CBC shirin gaskiya a kan wannan takaddama, inda masu gidajen da masu shuka shinkafar suka yi magana da bakinsu.