Garar busasshen katako: yadda na gano ta a gida da yadda na yi maganinta

Idan aka ce gara, abin da ke zuwa wa yawancinmu a rai shi ne hanyar nan ta laka da ke tasowa daga ƙasa tana bin bango har ta kai ga katako. Wannan kowa ya san ta, da ka kankare hanyar za ka gan su farare suna kai da kawowa. To amma akwai wata garar da babu ruwanta da ƙasa kwata-kwata. Ba ta gina shuri, ba ta shimfiɗa hanyar laka, ba ta fita neman ruwa. A cikin busasshen katako take haihuwa, a nan take ci, a nan take mutuwa, kuma tana iya shekaru a ƙyauren ƙofarka ba ka taɓa sa ta a ido ba. Ita ce ta shiga mini gida.

Abin da ya tona mata asiri kashinta ne. A ƙarƙashin kantar littattafai na riƙa ganin wani ɗan tudu na ƙananan ƙwayoyi masu launin katako, a wuri ɗaya kullum. In an share, bayan 'yan kwanaki sai ya dawo. Na ɗibi kaɗan na murza tsakanin yatsu, sai na ji su da tauri kamar tsakin yashi, ba sa narkewa, ba sa manne wa hannu. Da na zuba su a farar takarda na duba da madubin ƙara girma, kowace ƙwaya tsawonta bai wuce milimita 1 ba, bakinta biyu a dunƙule, jikinta kuma da gefe shida, kowane gefe ya ɗan loɓa ciki. Duk girmansu ɗaya. Launin ne kawai ya bambanta, wasu haske wasu duhu.

Wannan siffa tana da dalili. Tunda garar ba ta da wata hanyar samun ruwa sai ɗan abin da ke cikin katakon da take ci, ƙarshen hanjinta yana matse kashin ya tsotse duk danshin da ke ciki kafin ya fita, matsewar ce ke barin gefe shidan nan. Da wannan ne kuma ake bambanta ta da ƙwaron nan mai huda katako, wanda shi gari yake zubarwa mai laushi, in ka murza sai ya bi yatsa. Mutane da yawa suna haɗa su, alhali maganinsu ba lalle ya zo ɗaya ba.

Gano kashin abu ne mai sauƙi. Gano inda yake fitowa shi ne aiki. Garar takan huda ɗan rami da bai fi kan allura girma sosai ba, ta turo sharar ɗakinta waje, sannan sau da yawa ta sake toshe shi, ya saje da jikin katakon. Dabarar da ta yi mini amfani ita ce lura da yadda ƙwayoyin suka zube. In sun taru tsibi guda, ramin yana kusa, sama da su kaɗan. In kuwa sun warwatsu a fili mai faɗi, daga nesa suka faɗo, sai ka ɗaga kai ka duba silin ko saman firam ɗin ƙofa. Na shimfiɗa fararen takardu a duk inda nake zargi, na hana a yi shara a wuraren, na bar su su nuna mini da kansu.

Daga nan sai tocila da sukudireba. Da marikin sukudireba nake ƙwanƙwasa katako taki-taki: lafiyayye yana amsawa da ƙarfi, wanda aka cinye cikinsa kuwa sautinsa holoƙo ne, wani lokaci ma ka ji ƙwayoyin suna motsi a ciki. A gefen firam ɗin wata ƙofa na ɗan danna tsinin, sai ya burma ba tare da na sa ƙarfi ba. Fentin da ɗan siririn ɓawon katako ne kawai suka rage a waje. Da na ɓare wurin, kashin ya zubo shaa, ga ɗakuna masu faɗi da 'yan siraran hanyoyi da suka haɗa su, bangonsu sumul, babu ko ɗigon laka. Wani abin lura kuma, ramukan sun ratsa jijiyar katakon ta kowace fuska, ba kamar garar ƙasa da ke bin tsawon jijiya tana cin sashe mai laushi ba. A nan na fara ganin su: farare, sanɗa-sanɗa, sai ɗaya mai baƙin kai dunƙulalle. Sojansu ke nan, kuma a wani jinsi na garar nan da ake kira Cryptotermes, da kan nasa yake toshe bakin hanya don kada tururuwa ta shiga.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne sanin yadda suke rayuwa. Gidan garar ƙasa yana iya kai dubban ɗaruruwa har miliyoyi, amma na wannan da wuya ya wuce 'yan dubbai, kuma yana ɗaukar shekaru kafin ya kai haka. Farkonsa mace da namiji ne masu fiffike, su sauka a kan katako, su kakkaɓe fikafikan, su shige wata tsaga ko ramin tsohuwar ƙusa su rufe kansu. A shekarar farko 'ya'yan da za su samu kaɗan ne. Saboda haka in har ka ga tsibin kashi, sun daɗe a wurin, kuma mako biyu ko uku da za ka ɗauka kana bincike ba za su rushe maka gida ba. Illar dai ita ce katako ɗaya yana iya ɗaukar gidaje da yawa, kowanne da tasa sarauniyar, babu abin da ya haɗa su. Ka kashe wannan, na kusa da shi bai ma san an yi ba. Haka kuma suke bin kaya su tsallaka teku: wani nau'insu mai suna Cryptotermes brevis, wadda masana suka fara bayyanawa daga Jamaika a 1853, yanzu ta bazu a ƙasashe masu zafi da dama ta hanyar kujeru, akwatuna da katakon jiragen ruwa.

Fikafikan ma shaida ne. In ka tsinci 'yan fikafikai masu tsawo ɗaya zube a bakin taga ko ƙarƙashin fitila, daga cikin ɗaki, to akwai gidan da ya balaga har ya fara fitar da masu kafa sabo.

Mai feshin da na fara kira ko tocila bai kunna ba. Yana jin kalmar gara ya ce, "Maigida, rami za mu haƙa a zagaye gidan mu zuba magani, sai mu feshe ɗakunan." Na ce, "Malam, wannan fa ba ta ƙasa take zuwa ba, zo ka ga kashin." Ya leƙa ya ce ai gara gara ce. Na yi masa godiya muka rabu. Maganin da aka zuba a ƙasa ba zai taɓa haɗuwa da ƙwaron da bai taɓa sauka ƙasa ba, feshin saman fenti kuwa iyakarsa saman fenti. A ganina, duk mai maganin da bai nemi ya ga kashin ba kafin ya faɗi abin da zai yi, bai cancanci a ba shi aikin ba.

Sai na ɗauki alli na bi gidan ina sa alama, har cikin rufi, inda na bi katakan ɗaya bayan ɗaya. Wannan hawan shi ya yanke hukunci, domin da na tarar da su a can, da maganar ta canza gaba ɗaya. Rufin lafiya lau. Abin ya tsaya a kantar littattafai, da firam ɗin ƙofa, da ƙasan wata taga, da wani ƙaramin firam na hoto.

Firam ɗin ƙofar ban tsaya yi masa magani ba, kafinta ya cire shi ya sa sabo, tsohon kuma aka ƙone shi a ranar. Ajiye irin wannan katako a gida kiwon garar ne kawai.

Kantar kuwa zafi na yi mata. Garar nan tana mutuwa idan tsakiyar katakon ya kai digiri 49 a ma'aunin Salsiyas ya tsaya a haka sama da rabin awa. Tsakiyar fa, ba samansa ba, kuma katako ba ya saurin ɗaukar zafi. Na kwance kantar, na naɗe allunan a baƙar leda, na shimfiɗa su a rana a kan dandamalin siminti, ba a jibge ba. Don in tabbatar, na samo guntun katako mai kauri ɗaya da su, na huda shi har tsakiya na cusa ma'aunin zafi, na sa shi cikin ledar tare da su. Sai da rana ta take sosai sannan ma'aunin ya haye, ɓangaren da ke ƙasa kuma ya fi jinkiri, dole sai an juya. A lura, zafi yana sassauta gam, yana iya ɗaga siririn katakon ado da ake mannawa a saman kaya. Firam ɗin hoton kuma akasin haka na yi masa: na ɗaure shi a leda ya yi mako guda a firiza.

Ƙasan tagar ne ya fi cin lokaci, tunda ba ya ciruwa sai an fasa bango. A nan na yi amfani da maganin boret, wani farin gari dangin boras da ake narkawa a ruwa. Da siririn bakin injin huda na riƙa yin ramuka kusa-kusa a kewayen inda kashin ke fitowa. Za ka san ka faɗa ɗakinsu idan bakin injin ya zurma kwatsam babu turjiya. Ta nan nake ɗura maganin da sirinji har sai ya ɓullo ta wani ramin. Boret ba ya ratsa fenti, don haka na kankare wurin har farin katako ya fito na shafa masa shi ma, da safar hannu da tabarau. Ba ya kisa nan take, sai sun ci katakon da ya sha shi, amma yana zama a ciki muddin ruwa bai wanke shi ba. Raunin wannan hanya a fili yake: abin da ka gano kawai kake kashewa.

Shi ya sa idan abin ya bazu a rufi ko cikin bangon katako inda hannu ba ya kai wa, hanyar da ta rage ita ce a lulluɓe ginin baki ɗaya da tamfol a sakar masa iskar gas mai guba, galibi salfuril fulorayid. Mutane da dabbobi da shuke-shuke duk sai sun fita na kwana biyu zuwa uku, kuma ba a komawa sai an auna iskar ɗakunan da na'ura. Gas ɗin ba shi da wari ko launi, saboda haka ake haɗa shi da wani sinadari mai sa hawaye don gargaɗi. A da metil buromayid ake amfani da shi, aka daina ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Montiriyal ta 1987, saboda yana lalata rufin ozon, iskar nan ta sama da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. Wannan aikin masu lasisi ne kaɗai. Ƙwayoyin nan masu fitar da gas ɗin fosfin da ake sa wa a rumbun ajiya kuwa, kada a kuskura a kai su ɗakin da mutane ke kwana ko maƙwabcinsa, sun sha kashe iyali guda a dare ɗaya. Sannan ko lulluɓewar aka yi, gas ɗin yana fita ne ya tafi bai bar komai a katakon ba, sabuwar gara tana iya sauka washegari.

Bayan magani akwai abin da ke rikita mutum: kashin yana ci gaba da zubowa. Tsoho ne da ya cika ɗakunan, duk lokacin da aka buga taga ko aka ja kanta sai ya gangaro. Don in raba tsoho da sabo, na zuƙe abin da zai zuƙu, na toshe kowane rami da abin cike katako, na yi fenti, na mayar da farar takarda ƙasa. Matacciyar gara ba ta huda sabon rami. A ƙasan tagar, can gefe inda ban kai ba, wani sabon rami ya ɓullo bayan wasu makonni, gida na biyu ke nan, na maimaita masa ɗurin. Tun daga nan takardun ba su sake nuna komai ba, amma saboda jinkirin ƙwarin nan ban ɗauke su ba sai da shekara ta zagayo.

Sabon firam ɗin sai da aka shafe shi da boret kafin a kafa, aka kuma yi wa bakinsa na sama da na ƙasa fenti, wuraren da kafintoci kan bari tsirara don ba a ganinsu, alhali ta nan masu fiffiken suka fi samun shiga. Na sa raga mai ƙananan ido a tagogi da kafofin iska na rufi, na cike tsagogi. Kayan katako na hannu kuma, kafin su shigo, sai na kifa su a kan farar takarda na bubbuga ƙafafu da bayansu, na zare kowace durowa na duba kusurwoyinta da tocila.