Ranar da muka buɗe wa maƙwabta ƙofar masallaci a Manchester

Jarrabawar zama ɗan ƙasar Birtaniya tambayoyi 24 ce cikin minti 45, sai ka amsa 18 daidai. Na ci, na yi rantsuwar biyayya ga Sarki Charles, aka miƙo mini takarda. Amma a layinmu babu abin da ya sauya, gaisuwar maƙwabta ba ta wuce ɗaga hannu ba.

Shi ya sa da kwamitin masallacinmu ya ce za mu shiga shirin gayyatar maƙwabta da Majalisar Musulmin Birtaniya ta fara a 2015, na ce a bar mini rabon takardun gayyata.

Mun yi shirin amsa tambayoyi a kan ta'addanci da hijabi, har liman ya kwana yana duba littattafai. Sai ga wata dattijuwa, ta tuɓe takalma, ta zauna a kan dardumar da safarta mai rami a ɗan yatsa, ta ce ita damuwarta ɗaya ce: duk ranar Juma'a motocinmu suna tare mata ƙofar gida, ba ta iya fita da mijinta zuwa asibiti. Shekara da shekaru tana haɗiye abin, tana tsoron kada a ce ta tsani Musulmi. Daga makon nan muka sa samari biyu da rigar tsaro suna tsara ajiye motoci. Ita ce yanzu take karɓar mini saƙo idan ba na gida.

Inda aka sha wuya tsakaninmu ne. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales, Turawa na kallonmu tamkar tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ina! Dattawan Pakistan suna son a yi jawabi da Urdu, 'yan Somaliya suka ce sai dai Larabci, mu 'yan Afirka ta Yamma kuwa ba a ma tambaye mu ba, sai da matanmu suka iso da masa da ƙosai aka tuna muna nan.

Yaran da aka haifa a nan ne suka raba gardama. Suka karɓi makirfo suka yi bayani da Turancin Manchester, suna tsokanar baƙi a kan United da City. Na tambayi ɗana ko shi Bahaushe ne ko Bature. Ya ce, "Baba, ni ɗan Manchester ne, miƙo mini ƙosan nan."