Ba kowace ƙarar lasifika ce laifin laftof ba

"Oga DJ, sautinka fa yana fashewa." Duk mai sa kiɗa da laftof a wurin kamu ko dina ya sha jin wannan magana, kuma yawanci abokin ango ne zai raɗa maka ita daidai lokacin da amarya ta shigo fili. Sai ido ya koma kan laftof, wai ta tsufa, ko a ce lasifikar haya ce ta mutu. Abin da wannan sana'a ta koya mini a wuraren bikin Kano shi ne, kafin hannu ya taɓa komai, kunne ya fara tantance irin ƙarar. Matsalolin daban-daban ne, kowace da muryarta.

Wadda ta fi yawa, kuma babu ruwan laftof da ita, ita ce shaƙewar sauti idan an cika masa ƙarfi. Sautin kwamfuta yana da rufi, wanda manhaja ke nunawa da 0 dB. Duk abin da ya haura nan sai a datse masa kai, shi ya sa ganga ke komawa kamar ana yaga buhu. Ga yadda abin ke faruwa: ka ɗaga ƙarfin waƙa a manhajar haɗa kiɗa ta VirtualDJ, ka ɗaga na gaba ɗaya, ka murɗa bes (kaurin sauti), a miksa, wato na'urar da ke haɗa sautuka, ma an ɗaga, sannan mai amfilifaya ya kai nasa ƙarshe. MC kuma yana ihu a makirufo, "A ƙara mana!" Kowane mataki ya ɗan wuce gona da iri, sai su haɗu su yi ɓarna. Idan kana haɗa waƙa biyu a lokaci guda ma ƙarfinsu taruwa yake yi, don haka wanda ya tsaya a bakin rufi da waƙa ɗaya zai fasa shi da biyu.

Maigidan da na koyi aiki a hannunsa doka ɗaya gare shi: fitilun miksa su zauna a kore, su riƙa leƙa rawaya, ja kuwa haramun. Yaran yanzu da yawa gani suke jar fitila alamar ƙarfi ce, har suna alfahari da ita. Ni nakan bar tazarar kamar 6 dB ƙasa da rufin a cikin manhaja, ƙarfin ya fito daga amfilifaya. In fili ya fi ƙarfin kayanka, ƙarin lasifika ake bukata, kuma gara a faɗa wa mai biki tun ranar ciniki. Datsattsen sauti yana ɗauke da kaifi mai yawa, shi ne ke ƙona ƙananan lasifiku masu fitar da siririn sauti, washegari ka kwashi kaya zuwa wurin mai gyara, kuɗin aikin ya tafi can.

Akwai kuma ɗan makunni a bayan miksa mai rubutun phono da line. Ramin phono na na'urar faifai ne, wadda sautinta ba ya wuce 'yan miliboli. Laftof kuwa tana turo kusan bolt guda. Idan wani ya ture makunnin wajen ɗaukar kaya, ko aka cusa wayar laftof a ramin makirufo, to ko da ka rage ƙarfi sauti zai fito a dagule.

Janareto ma yana da nasa. Idan ka ga kwan fitila yana dushewa duk lokacin da ganga ta buga, wuta ce ta gaza, kuma amfilifaya mai jin yunwar wuta yana shaƙewa tun kafin ya kai inda ya saba. A nan sai ka je ka ga me aka jona tare da kai: firji, fitilun ado, wani lokaci har na'urar sanyaya ɗaki.

Gunjin da ke zaune a ƙasa, wanda ake ji ko babu waƙa, shi ne ya fi sauƙin kamawa. Wutarmu 50 Hz ce, ita kake ji. Zare cajar laftof. In gunjin ya ɗauke, to laftof da amfilifaya ne suka samu hanyar ƙasa biyu, wato hanyar da wuta ke bi ta zirare ƙasa, ko kuma cajar ce ta bogi. Jona komai a soket ɗaya, sa ɗan akwatin DI, mai raba hanyar ƙasan na'urori, tsakanin laftof da miksa, in tafiyar mai nisa ce a ja wayar XLR mai fil uku, irin ta makirufo, maimakon RCA mai kai ja da fari, kuma kada a kwantar da ita gefen wayar wuta. Wasu karya ƙafar ƙasa ta fulogi suke yi. Gunjin kan tafi, amma ranar da wuta ta zubo a jikin ƙarfe, mai riƙe da makirufo ne zai sha ta.

Sai ƙas-ƙas da tsinkewa, wanda ba shi da lokaci, ba ya kuma bin ƙarfin waƙa. Wannan kam laftof ce ta kasa kai sauti a kan kari. Ɗaga bufa, wato yawan sautin da laftof ke tarawa kafin ta tura, daga 128 zuwa 512 a saitin manhaja, a 44.1 kHz jinkirin da 512 ke kawowa bai kai miliseken 12 ba, mai haɗa waƙar biki ba zai ma lura ba. A Windows zaɓi direban sauti na ASIO na kwanturolarka, wato na'urar da kake sarrafa manhajar da ita, kashe Wi-Fi da Bluetooth, kada ka bar ta a tsarin tattalin batir. A watan Maris da Afrilu kuma, laftof ɗin da aka ɗora kan kyallen tebur, ƙofar iskarta a toshe, rage gudu take yi don zafi. Ɗaga bayanta kawai ya isa wani lokaci.

In na rasa gane wacce ce, hedifon nake ɗauka in bi layi: kwanturola, sannan miksa, sannan gaba. Inda sauti ya fara ɓaci, nan matsalar take.

Wadda ba ta da magani a fili ita ce waƙar da ta zo da ciwonta. Ƙawar amarya za ta miƙo maka waya, "Malam, ga waƙar da aka yi mata, ita za a sa ta shigo." An matse ta a sitidiyo har ta shaƙe, an sa ta a bidiyo, an tura ta WhatsApp, wani ya sake ciro ta. Alamarta ita ce tana fashewa a wuri ɗaya kullum, ko a hedifon, ko ka rage ƙarfi. Shi ya sa yanzu nake neman waƙar amarya tun ana gobe biki, in saurare ta a gida. In ta lalace, sai in ce a kira mai sitidiyon ya turo asalinta, WAV ko MP3 mai 320 kbps, a matsayin fayil, ko kuma in tura yaro da filashi ya karɓo.