Baƙin da suka raya garin Say

Ziyarar da na kai Jami'ar Musulunci da ke Say, a bakin kogin Kwara kudu da Yamai, ta nuna mini irin albarkar da ɗalibai baƙi ke kawo wa masu masaukinsu. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ce ta yanke shawarar kafa ta a taronta na 1974 a birnin Lahore na Pakistan, aka buɗe ta a 1986, kuma tun daga lokacin matasa daga Najeriya, Mali, Burkina Faso da Senegal suke zuwa neman ilimi.

Kuɗin da suke kashewa wajen masu abinci, teloli da direbobin mota a fili yake, amma a ganina ribar da ta fi girma tana cikin aji. Ɗan Nijar da ya zauna kusa da Bawolofe daga Senegal ko Babambare daga Mali, wanda ba su da harshen da ya haɗa su sai Larabci, dole bakinsa ya buɗe da Larabcin nan, kuma yana jin yadda ake karanta Risala da Ishiriniya a wata ƙasar. Waɗanda suka kammala kuwa suna komawa gida su zama malamai da limamai, suna ɗauke da zumuncin Nijar, har wasunsu sukan turo ƙannensu.