Daga Ƙofar Ruwa Zuwa Yamai: Motocinmu da Nasu

Tun da na dawo daga Yamai nake ta ba mutane labarin motocin Nijar, har abokaina sun fara cewa na cika yabon gidan wani. Abin da idona ya gani nake faɗa. Ɗaurin auren ɗiyar yayana ne ya kai ni, kuma na zaɓi bin ƙasa ta Katsina da Maraɗi saboda kuɗin jirgi ya fi ƙarfina.

A tashar Ƙofar Ruwa na fara. Kowa ya san yadda abin yake: 'yan kamasho su rufe ka, wannan ya ja jakarka, wancan ya rantse maka saura mutum ɗaya mota ta tashi. Ka shiga ka tarar saura huɗu. Muka zauna cikin Sharon tun hantsi, ba wanda zai iya gaya maka ƙarfe nawa za a tafi, domin mota ba ta da lokaci sai lokacin da ta cika. Da ta cika kuma, mutum huɗu a kujerar mutum uku, biyu a gaba kusa da direba, buhuna a but har ƙofar ba ta rufuwa sai da igiya. Wata dattijuwa ta ce ƙafarta na ciwo, aka ce mata in tana son sarari ta biya kuɗin kujera biyu. Abin ya tsaya mini a rai. Mun saba da wannan har mun daina ganinsa a matsayin wulaƙanci, alhali kuwa wulaƙanci ne.

Kano zuwa Katsina kusan kilomita 170 ne, kuma aikin mayar da titin tagwaye ya daɗe ana yi, wani wuri ka samu shimfiɗa mai kyau, wani wuri a karkatar da ku cikin ƙura. Daga Katsina zuwa Jibiya kuwa tafiyar ba ta da tsawo, shingaye ne suka tsawaita ta. Direbanmu ya nannaɗe ƙananan kuɗi a tafin hannu tun daga tasha, ya riƙa miƙawa ta taga ba tare da an yi magana ba. Ga fargabar 'yan bindiga, wadda ta sa kowa ke son ya wuce yankin kafin la'asar.

A wani shinge kusa da bakin iyaka wani mai kaki ya karɓi takarduna, ya juya su gaba da baya, bai samu abin cewa ba, sai ya saka su a aljihu ya juya mini baya. Na ce, "Ranka ya daɗe, mota na jirana." Ya ce, "To ta tafi mana." Na tsaya a rana ina kallon ƙeyarsa har sai da direba ya sauko ya yi masa abin da yake so. Kuɗin ba su dame ni kamar yadda ya jefo mini takardun a ƙasa ba, a gaban yaran da na haifi kamarsu.

Bayan Ɗan Isa, garin bakin iyaka a ɓangaren Nijar, a motar da ta kai mu Maraɗi, na zauna kusa da wani Alhaji mai sayar da atamfa. Da ya ji cewa a tasha zan kwana in kama motar asuba, sai ya ce, "Malam, ba ka kwana da yunwa ina cikin garin ga. Mu je gida." Na yi ta godiya ina zillewa, ya ƙi. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, aka dama fura, aka ɗora shayi a kan gawayi har zagaye uku. Bayan isha'i ya kira ɗansa ya ce, "Kai Baba tasha, kada ka baro shi sai ka ga tikiti a hannunsa." Ban san shi ba, bai san ni ba. Allah Ya saka masa da alheri.

Tashar ce ta fara ba ni mamaki. A Nijar tafiya mai nisa tana hannun kamfanonin manyan bas-bas ne, irin su Rimbo, STM, Al Izza da Sonef, kuma kowane kamfani da tasharsa mai katanga da ƙofa. Wadda na shiga akwai tagar sayar da tikiti, aka rubuta sunana da lambar wayata, aka faɗa mini kuɗi, kuma kuɗin nan shi ne na kowa, babu ciniki, babu ƙari don an ga baƙo. Aka liƙa wa jakata lamba aka ba ni rabin takardar. Ga masallaci, ga ban-ɗaki da ruwa, ga rumfa da tabarmi inda fasinjoji ke kwana, mata a ɓangarensu. Na kwanta da wayata a aljihu ban ji ɗar ba. Kafin asuba aka tashe mu, wani ma'aikaci ya tsaya a ƙofar bas da takarda yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, wanda ya riga sayen tikiti shi ke riga shiga. Ba turereniya. Kujera ɗaya, mutum ɗaya. Aka ce za a tashi, aka kuma tashi, duk da akwai kujerun da ba kowa. Da alfijir ya keto direba ya tsaya a gefen wani gari muka yi salla.

Na yi ta tambayar kaina me ya hana mu. Ba wai babu irin wannan a Najeriya ba ne sam. Manyan motocin da ke tashi daga Sabon Gari zuwa Kudu suna da tikiti, motocin gwamnatocin jihohi irin su Kano Line da KTSTA ta Katsina ma sun fi na tasha tsari. Amma tsakanin garuruwan Arewa, inda talaka ya fi zirga-zirga, ƙananan motoci ne ke ɗauke da mu, kuma a can darajar fasinja ba ta wuce kuɗin da ya biya ba. Mun fi su yawan motoci, mun fi su faɗin tituna, sun fi mu sanin cewa wanda ya hau mota mutum ne.

Titin nasu kuwa ba zan yabe shi fiye da kima ba. Babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Yamai, kimanin kilomita 660, falle ɗaya ce, siririya. Idan bas ɗinmu ta haɗu da tirelar albasa sai ka ji iska ta girgiza tagogi, kuma direbobin suna gudu fiye da yadda raina ya so. Akwai wuraren da kwalta ta farfashe sosai. Wanda ya saba da tagwayen titin Kano zuwa Zariya zai ga ƙanƙantarta. Sai dai suna karɓar kuɗin hanya a ƙofofin garuruwa su ba direba rasit, abin da mu aka rushe tun zamanin Obasanjo, aka bar mu da biyan da ba shi da rasit. Su ma fa suna da nasu: a wasu shingayen akan karɓi katin shaidar kowa, 'yan ƙasa su koma mota, mu baƙi a kira mu gefe. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025 binciken takardun baƙi ya ƙara tsanani, don haka duk mai niyyar zuwa ya tafi da fasfonsa.

Maganar kuɗi ita ce mai zafi. Jaka ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000 a wajen 'yan canjin bakin iyaka, saboda haka komai ka taɓa sai ka ji ya yi tsada in ka juya shi zuwa naira. A da mu ne ke shiga Maraɗi muna jin aljihunmu da nauyi, yanzu su ne ke zuwa Kantin Kwari su yi sayayya hankali kwance. Lissafin kasuwa kuma da dala ake yi, dala ɗaya sefa 5, don haka in mai talla ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi. A Madawa na yi cinikin kilishi da wani saurayi ta tagar mota. Ya ce jaka biyu, na ce ɗaya, ya ce, "Haba Baba, wannan na Madawa ne fa," muka daidaita a jaka ɗaya da rabi, ya ƙara mini gyara mai kauri. Ban taɓa cin kilishi mai laushi da ƙamshi irinsa ba, kuma na fi ƙarfin a ce ban san kilishi ba. A Galmi buhunan albasa ne jibge a bakin titi iya ganinka. A Ƙonni aka tsaya cin abinci, shinkafa da miya kuɗinta ya kusa ninka na Kano, amma mai abincin ta kawo ruwan wanke hannu da sabulu ba tare da na roƙa ba.

Daga Doso zuwa Yamai layin dogo yana bin gefen titi, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016, kuma har yau ba ya ɗaukar fasinja. Ganinsa ya sa na yi addu'a kada layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, da aka aza harsashinsa a 2021, ya ƙare haka. Ranar da jirgin nan ya fara aiki, matafiyi ya huta da shingayen Jibiya.

Cikin Yamai kuwa Kano ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. A nan gida ka fito ƙofar gida ka ɗaga hannu, adaidaita sahu ya tsaya. A can tasi mai jan kai ce ko ƙaramar bas da suke kira faba-faba, ka faɗi unguwar da za ka, in ba hanyar direba ba ce ya ja motarsa ko amsa babu. Ranar ɗaurin aure na daɗe a rana kafin in samu mai tsallaka gadar Kennedy zuwa unguwar Harobanda da ke tsallaken kogi, kuma sai da na biya kuɗin mutum biyu.

Dawowa a Ƙonni na sauka, na tsallaka Illela, na kwana a Sakkwato wajen wani abokin karatuna. Washegari muka jira rana ta ɗaga sosai kafin mu kama hanyar Gusau, don babu direban da ya yarda ya bi ta da duhu.