Abin da wuta da hunturu suka koya mini a kan jitar bes

Ranar da na sayi jitar bes ɗina ta farko, wato jitar lantarki mai kaurin murya da ke riƙe ƙasan kiɗa, ban ko sa an jona mini ita na ji muryarta ba. Wani ɗan shago ne a Jos, can wajen Terminus, mai sayar da kayan sauti na hannu. Tana rataye a bango, baƙa wuluk, an rubuta Fender a kanta da ruwan zinariya, kuma rubutun nan kaɗai idona ya gani. Wata takwas na yi ina tara kuɗin daga aikin fenti da nake bin wani ƙanin babana. Da mai shagon ya ce yau babu wuta, in dawo gobe a gwada, sai na ce masa ba sai an gwada ba. Tsorona kada wani ya riga ni.

Sunan ya daɗe yana cin raina. Na san Leo Fender ne ya fitar da samfurin Precision a 1951 a Kalifoniya, lokacin da masu kiɗan bes ke fama da ƙaton goge mai tsayin mutum wanda ba a jin sa idan ganguna suka ɗau zafi, kuma a 1960 ya ƙaro Jazz Bass. Na san James Jamerson da Precision ya yi aikinsa a kamfanin faifan waƙa na Motown, yawanci da yatsa ɗaya, Aston Barrett kuma da Jazz Bass ya riƙe wa Bob Marley ƙasan kiɗa. A tunanina na lokacin, muryar tana cikin sunan.

Na kai wa maigidana, dattijon da ya koya mini kiɗa, wanda ya buga wa ƙungiyoyin otal-otal tun zamanin da rege ke tashe a garin. Ya ɗaga ta kamar mai saita bindiga, ya rufe ido ɗaya, ya bi wuyan da kallo daga ƙasa har sama. Sannan ya sa farce a gefen sunan ya ɗan kankara. "Ɗana, wannan manna shi aka yi," ya ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ƙyale ni na ɗan jima cikin wannan hali, sannan ya ce, "Amma wuyan bai murɗe ba. Kawo ta gobe da safe mu ga abin da za ta iya."

Safiyar nan ta fi mini duk darussan da suka gabace ta. Ya danne tsirkiyar E, mafi kauri, a na farko cikin ƙarafan da aka jera a kan wuya, da hannun hagu, ya danne ta a na ƙarshe da gwiwar hannun dama, ya ce in leƙa tsakiya. Ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe ta isa a zura tsabar kuɗi. Ya ce bai kamata ta wuce kaurin katin waya ba. Ashe a cikin kowane wuya akwai sandar ƙarfe da ke ja da tsirkiyoyi, su suna lanƙwasa icen gaba, ita tana mayar da shi baya. Ya ɗauko ɗan makulli mai kusurwa shida, ya murɗa rubu'in zagaye, ya ajiye jitar, ya ce a kawo shayi. Na ce, "Baba, ba za a ƙara ba?" Ya ce ice ba ya son gaggawa, wanda ya murɗa zagaye biyu a zama ɗaya shi ne ke karya sanda. Sau uku ya taɓa ta kafin azahar. Daga nan ya sassauko da tsirkiyoyin ta wajen gada, wato ƙarfen da suke hawa a jikin jitar, ya gyara tsawon kowace har sautin ƙarfe na 12 ya yi daidai da na tsirkiya a sake. Da ya miƙo mini, yatsuna suka riƙa tafiya kamar an shafa wa wuyan mai. Shekara huɗu na ci abinci da jitar nan.

Abin da bai faɗa mini ba, sai da na gani da idona, shi ne gyaran ba ya zama. Jos gari ne da ke kan tudu, damina da laima, hunturu da bushewar da ke tsattsage leɓe. Cikin watan Agusta wuyan nawa yakan miƙe har tsirkiya ta riƙa zizar ƙarafa. Da Disamba ta kama sai ta ɗaga sama, icen ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito ta gefe yana yankar hannu. Shekarar farko na ɗauka jitar ce ta lalace. Yanzu sau biyu a shekara nake zama da makulli, kuma ba na barin ta jikin taga ko a bayan mota da rana. Tsirkiyoyi ma ƙura da gumi ke kashe su. Da yake kuɗinsu yana bin dala, na koyi dafa su a tafasasshen ruwa minti goma in shanya, su ɗan farfaɗo na makonni kaɗan, amma ƙyallen da nake goge su da shi bayan kowane wasa ya fi tukunyar amfani.

Wajen amfilifaya ne na sha wuya sosai. Na fara da wata ƙarama ta jitar solo mai wat 15 da wani aboki ya ara mini, ban yi wata guda ba lasifikar ta fara kukan tsagaggen kwano. Tsirkiyar E ta bes girgiza 41 take yi a daƙiƙa, mai tsirkiya biyar kuma B ɗinta ya sauka wajen 31. Kafin a ji irin wannan sauti sai takardar lasifika ta tura iska mai yawa, tana fita tana komawa da nisa, ita kuwa ta jitar solo ba a yi ta domin wannan tafiya ba. Na biya kuɗin sabuwar lasifika, na mayar wa mai ita.

Daga baya na samu kan amfilifaya, wato irin wadda lasifikarta ke akwati daban, tokumbo mai wat 300, daga Amurka aka kawo shi, da akwatin lasifika guda. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Na san haka, har na sayi taransifoma mai rage wuta, ina yawo da ita kamar dutsen niƙa. Wata Asabar muka je biki a wani gari ta hanyar Pankshin. Muna sauke kaya aka kira ni in gaisa da uban ango. Wani yaro mai son taimako, Allah ya sani da kyakkyawar niyya ya yi, ya ga wayar a ƙasa, ya nemo adafta ya cusa ta kai-tsaye a soket. Ban ji ƙara ba. Wari na ji, irin na robar da ta ƙone, na juyo na ga siririn hayaƙi yana fita ta bayan akwatin. Ranar ta cikin mikisa, na'urar da ke haɗa sautin kowa, na buga, ba na jin kaina ko kaɗan, ina kallon yatsuna kawai ina fatan suna inda ya kamata. Mai gyara ya yi sati uku yana neman kayan da suka ƙone. Da na karɓo, na sa ya ɗaure wayar amfilifayar a jikin taransifomar ta yadda ba mai iya raba su sai da sukundireba, na kuma rubuta 120 da jan fenti a sama, manya-manya.

Ban gama da wannan ba na faɗa wani. Wasan fili daban yake da na zaure. A zaure bango yana mayar maka da sautinka, a ƙarƙashin rumfa kuwa bes yakan watse cikin iska kamar hayaƙi. Sai na ari akwati na biyu na jona a kan nawa. Kowannensu om 4 ne, om kuwa shi ne ma'aunin yadda lasifika ke turje wa wuta, kuma ban san cewa idan aka jera biyu haka om 2 suke komawa ba, alhali a bayan amfilifayar an rubuta kada a sauka ƙasa da 4. Ta yi ta ja har ta yi zafin da ba a iya dafa ta, ana tsakiyar rawar amarya ta ɗauke. Na gode Allah tana da abin da ke kashe ta idan ta yi zafi, da ba haka ba da na koma wajen mai gyara. Tun daga nan akwatuna masu om 8 nake nema, biyu su ba ni 4. Na kuma gane cewa ninka wat ba ya ninka ƙara, ɗan ƙari kaɗan yake yi, ƙarin lasifika ya fi shi tasiri a kunne.

Akwai abu ɗaya da ba na wasa da shi, kuma ina roƙon duk mai wannan sana'a kada ya yi. Filoginmu ƙafa uku gare shi, ta ukun ta ƙasa ce, ita ke kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta inda ba za ta cuci kowa ba. Mutane suna karya ta don filogi ya shiga soket, masu janareta da yawa kuma ba sa kafa ƙarfe a ƙasa. Wani dare ina riƙe da tsirkiya na matsa in yi amshi, leɓena ya taɓa makirufo, na ji kamar an sare ni da bulala a baki, idona ya yi fari. Irin wannan ce ta kashe Leslie Harvey, makaɗin jita na ƙungiyar Stone the Crows, a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya a 1972. Yanzu akwai mita a jakata. Kafin in kunna komai sai na auna wutar janareta, in tambayi abin da aka ɗora masa, domin idan firiza da fitilun ado suna layi ɗaya da mu, wutar za ta riƙa hawa da sauka duk dare. Amfilifaya ita nake kunnawa a ƙarshe, ita nake fara kashewa. Idan mai biki ya ce, "Oga, ku fara mana, mutane sun taru," nakan ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar." Ban taɓa samun wanda ya hana ba.

Shi kansa kiɗan, abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne rage hannu. Ina saurayi so nake a san ina wurin, ko'ina sai na cusa gudu. Mai gangarmu, wanda ya girme ni da shekara goma, ya ja ni gefe bayan wani wasa ya ce, "Ƙanena, ƙafata ta dama za ka riƙa kallo, ba jama'a ba." Na fara ajiye sautina daidai inda babbar gangarsa ke sauka, in bar sarari a tsakani, sai na ga mata sun fi saurin tashi rawa. Mai fiyano kuma muka yi yarjejeniya ya janye hannunsa na hagu daga wajen sauti mai kauri, don idan mu biyu muka taru a can sai sautin ya dagule kamar kunu. A zauren da ke amsa-kuwwa na daina ƙara kaurin sauti a amfilifaya. Rage shi nake yi in ɗaga matsakaicin sauti, in janye akwatin daga kusurwa, nan take a fara jin kowane sauti da sunansa.

Na taɓa tsayawa gaban amfilifayar bes mai suna Ampeg SVT, wadda aka fara yi a 1969, kai mai wat 300 a kan akwati mai lasifika takwas, a wani babban taro da aka yi hayar kaya daga Legas. Iskarta har wandona take kaɗawa, kuma ba zan manta daɗin ba. Amma kan kaɗai ya kusa kilo 40, ni kuwa a Keke Napep nake zuwa yawancin wasannina. Abin da nake amfani da shi yanzu ɗan kai ne irin na zamani mai wat 500, bai kai kilo uku ba, yana shiga jakar goyo tare da wayoyi biyu, fiyus, mita, da batir mai bolt 9 na ajiya, tunda jitar da nake bugawa yanzu mai batir ce kuma ya taɓa mutuwa ana tsakiyar waƙa. Kafin in saye ta awa biyu na zauna a shagon da amfilifayata, na bi kowane ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, na murɗa kowane maɓalli ina sauraro ko zai yi ƙara, na sa aka gwada mini sandar wuya a gabana don in tabbata tana juyawa.

Tsohuwar baƙar tana nan. Sunan da aka manna ya ɓare rabi, ban sake manna shi ba. Ɗan yayata ne ke koyo da ita. Makon jiya, da iskar hunturu ta fara kaɗawa, ya shigo da ita a hannu ransa a ɓace, ya ce, "Kawu, ta lalace, tsirkiyar ta yi sama, yatsuna ciwo suke." Na ce ya danne ƙarfen farko da na ƙarshe ya leƙa tsakiya. Ya leƙa, ya ɗago ya dube ni. Na miƙa masa makullin, na ce rubu'in zagaye kawai, sannan na aika a sayo mana shayi.